Shin mazaunin DNA a cikin cibiya ne yake yanke lokacin kwafarsa?

Malami, mai buɗe muhawara: Assalamu alaikum. Da'awar da na kawo ita ce, wurin da sashen DNA, wato zaren da yake ɗauke da bayanan gado, yake zaune a cikin cibiyar ƙwayar halitta shi ne yake yanke ko za a kwafe shi da wuri ko a makare, a kwafin da ƙwayar take yi kafin ta rabu biyu. DNA ɗin da ke cikin ƙwayar halittar mutum guda ɗaya ya kai kimanin mita 2 idan aka miƙe shi, an raba shi cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom, an kuma cusa shi a cibiyar da faɗinta bai wuce maikuromita 10 ba, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Duk da wannan matsi, ba a hargitse yake ba. Tun a 1885 Carl Rabl ya ce kowane kuromosom yana da yankinsa, kuma a 1999 masu bincike a Edinbara suka nuna cewa kuromosom na 18, mai ƙarancin ƙwayoyin gado, yana raɓe da bangon cibiya, alhali na 19, wanda yake cike da su, yana can ciki. Kwafin kuma, wanda yake cin kimanin awa 8, da sassan ciki ake fara shi, na jikin bango su zo a ƙarshe.

Ɗaliba: Allah ya gafarta Malam, tafiya tare ba ta nuna wanda yake jan wani. Sassan jikin bango su ne kuma waɗanda aka naɗe tam a kan histon, furotin da ake naɗe DNA a jikinsa, ba a cika karanta ƙwayoyin gadonsu ba, saboda haka abu uku ne suka haɗu: mazauni, tsananin naɗi, da jinkirin kwafi. Me ya sa za mu ɗora wa na farko alhakin na uku? A 2010 an ɗauki wata mafarar kwafi, wato wurin da kwafin DNA yake farawa, a ƙwayar yisti, wadda aka san tana tashi da wuri, aka ɗaure ta da gangan a jikin bangon cibiya, kuma ba ta fasa tashi da wuri ba.

Malami: Madalla da wannan hujja, amma yisti ɗin ya ba da kishiyarta tun a 1992, lokacin da aka mayar da mafarar kwafi kusa da ƙarshen kuromosom, sai ta koma tashi a makare. Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne aikin Dimitrova da David Gilbert na 1999. Sun ciro cibiyoyi daga ƙwayoyin halittar da ba su daɗe da rabuwa biyu ba, suka saka su cikin ruwan ƙwan kwaɗo, wanda yake tilasta kwafi nan take. Cibiyoyin da aka ciro da wuri sosai sun kwafi DNA ɗinsu ba bisa wani jeri ba, waɗanda aka bari na awa ɗaya zuwa biyu kuwa sun bi jerin da aka sani daki-daki. Wannan ɗan taƙin shi ne daidai lokacin da sassan kuromosom suke komawa mazauninsu bayan rabuwa.

Likita: Malam, bari in sa baki da abin da muka fi sani a fanninmu. A ƙwayar halittar mace akwai kuromosom X guda biyu a cibiya ɗaya, ɗaya yana aiki, ɗaya an dunƙule shi an kashe yawancin ƙwayoyin gadonsa. Murray Barr ya ga wannan dunƙule a 1949, Mary Lyon ta bayyana ma'anarsa a 1961. Dunƙulallen yakan zauna a jikin bango ko kusa da nukiliyolas, wani curi da ke cikin cibiya, kuma a makare ake kwafarsa, ɗan'uwansa kuwa da yawa daga sassansa da wuri. Tunda jerin haruffan DNA na su biyun kusan iri ɗaya ne, wannan ya isa ya nuna cewa jerin haruffan kaɗai ba ya yanke lokaci. Sai dai bai raba gardamarku ba, domin kuromosom ɗin ya sauya naɗi da mazauni gaba ɗaya.

Mai bincike: Ranka ya daɗe, Malam, ɗakin binciken da ka kafa hujja da shi ne ya fitar da abin da ya fi yi wa da'awarka illa. A 2010 sun maimaita gwajin ruwan ƙwan kwaɗo da cibiyoyin da suka riga suka gama kwafi, suna jiran rabuwa. Kowane sashe yana nan a mazauninsa, amma da aka tilasta musu sake kwafi, jerin ya ɓace. Ke nan mazauni yana iya kasancewa daram alhali abin da yake tsara lokaci ya tafi.

Akwai kuma batun furotin RIF1, wanda a ganina nan ne zuciyar maganar. Kafin a fara kwafi, ana ɗora wa DNA zobban furotin masu suna MCM a mafarai, a dubban wurare, kuma zobe ba ya tashi sai wani sinadarin aiki mai suna DDK ya liƙa masa fosfet. RIF1 yana janyo wani sinadarin aiki mai suna PP1, mai cire wannan fosfet, don haka duk inda RIF1 ya taru, mafarai sukan yi jinkiri. A 2021 an cire RIF1 daga ƙwayoyin halittar mutum, jerin kwafi ya kusa rushewa baki ɗaya, sannan bayan ƙwayoyin sun yi kwafi a wannan hali, alamomin da ke kan histon da tsarin cuɗanyar sassa suka soma sauyawa. Idan haka ne, lokacin kwafi yana da hannu wajen gina tsarin cibiya, ba tsarin ne kaɗai yake juya shi ba.

Ɗaliba: Ina ƙarawa da kohesin, furotin da yake lanƙwasa DNA ya yi madaukai. An nuna a 2017 cewa cire shi yana shafe madaukan cikin 'yan awoyi, kuma binciken da ya biyo baya ya tarar jerin kwafi bai sauya sosai ba.

Malami: Madaukai ba su cikin da'awata, 'yata, domin manyan rukunai biyu da dabarar Hi-C, mai auna waɗanne sassan DNA ne suke kusa da juna, ta bayyana a 2009, wato na sassa masu aiki da na sassa rufaffu, suna nan bayan an cire kohesin, kuma su ne suka dace da jerin kwafi. Game da RIF1, ɗan'uwa mai bincike, ina tambayarka: a ina yake taruwa? Yawancinsa yana tare da sassan da ake kwafa a makare, a jikin bango da kewayen nukiliyolas. Furotin masu tada mafarai ba su da yawa, har an nuna a yisti a 2011 cewa ƙara yawansu yana sa mafaran ƙarshe su tashi da wuri. Idan abu ya yi ƙaranci, inda aka tara masu neman sa da inda aka tara mai hana su dole ya yi tasiri.

Mai bincike: Na yarda da tasirin taruwa, amma da'awar ta sauka daga nisan sashe da bango zuwa waɗanda yake maƙwabtaka da su, kuma waɗannan ba ɗaya ba ne. A idanun dabbobi masu shayarwa da ke yawon dare, irin su ɓera, cibiyoyin ƙwayoyin gani a duhu a juye suke, rufaffun sassa a tsakiya, masu aiki a gefe, kamar yadda aka bayyana a 2009, amma rukunan biyu ba su gauraya ba.

Likita: Sai dai waɗannan ƙwayoyin sun daina rabuwa, don haka ba su kwafar DNA balle a auna lokacinsa.

Ɗaliba: Haka ne, Dokta, shi ya sa nake neman gwaji irin na yisti amma a ƙwayar halittar mutum mai rabuwa: a ja sashe mai tashi da wuri zuwa cikin rufaffun sassa, a tabbatar alamomin histon ɗinsa ba su taɓu ba, sannan a auna lokacin kwafarsa a zagaye na farko, kafin sabon mazaunin ya sami damar sauya naɗinsa. Malam, idan sashen ya ci gaba da tashi da wuri, za ka janye da'awar?

Malami: Zan janye ta, da sharaɗin a nuna cewa sashen ya isa sabon mazaunin kafin wancan taƙi na awa ɗaya zuwa biyu ya wuce.