Shawara nake nema kan tsarin intanet a sabon gida kafin a yi filasta

Mai_gini:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ginina ya yi nisa an zuba dekin, bene ne hawa ɗaya, ƙasa falo da kicin da ɗaki guda, sama ɗakuna uku. Mai wayarin zai fara sa bututun wuta sati mai zuwa shi ne nace bari in tambaya tun ba a rufe bango ba. Gidan da nake haya rauta tana falo, da na shiga ɗakin kwana sai siginal ɗin WiFi ya koma sanda ɗaya, kiran bidiyo yayi ta yankewa har ka haƙura. In sayi mesh ɗin nan, wato na'urorin WiFi da ake rarrabawa a cikin gida suna miƙa wa juna siginal, kawai in huta, ko dole sai na ja waya?

Tsohon_hannu:
Wa alaikumus salam. Malam ka ja waya, yanzu ne take da sauƙi. Dekin nan mai rodi a ciki cinye siginal yake musamman WiFi na zangon 5GHz, shi na zangon 2.4GHz ya fi ratsa bango amma ba shi da gudu kuma kowa a kansa yake. Mesh ɗin da ba waya ta iska suke magana da juna, to bangon da ya tare wayar hannunka ai su ma zai tare su.

Ka ware wuri ɗaya, ko ƙarƙashin matakala in iska na shiga, ka sa soket, nan rauta da suwic (akwatin da ke raba intanet ga kebul da yawa) za su zauna, duk kebul ya ƙare a nan. Kebul ɗin intanet nau'in Cat6 ya ishe ka, yana ɗaukar gigabit 1 har mita 100, gigabit 10 kuma zuwa kamar mita 55, a gida ba za ka kai haka ba. Ka ja biyu bayan talabijin, biyu inda za ka aje kwamfuta, sai ɗaya a tsakiyar silin na kowane hawa domin na'urar WiFi. In suwic ɗin mai PoE ne kebul ɗin da kansa zai kai mata wuta, ba ruwanka da soket a sama.

Na_ji_a_jikina:
Yaya ni dai abu biyu zan ƙara don sun faru dani. Na bar wa mai wayarin aikin ban tsaya ba, ashe bawan Allah ja yayi daga ɗaki zuwa ɗaki yana ƙullawa kamar wayar fitila, alhali kowane kebul shi kaɗai zai taho tun daga ɗakin har wajen suwic ba haɗi a hanya, sai da aka gama fenti muka gane, wallahi ranar ban iya magana ba. Na biyu kebul ɗin ma CCA ne, alminiyon da aka shafa wa tagulla. Ka yanko guntu ka kankare da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki ka mayar musu, da PoE zafi yake ɗauka kuma saurin karyewa gare shi. Kuma kar ka yarda a cusa shi bututu ɗaya da wayar wuta.

Mai_gini:
Kai, na gode ƙwarai. To kyamarori fa? Ba yanzu zan sa ba gaskiya.

Tsohon_hannu:
Ko ba yanzu ba ka binne bututun, mai ɗan faɗi kamar 25mm, zuwa kusurwoyin waje da bakin get, a bar igiya a ciki don jan kebul daga baya, lanƙwasa kuma kar ta yi yawa. Haka wani daga waje zuwa wajen rauta saboda ranar da kamfanin intanet zai kawo maka kebul ɗin faiba. Ka rubuta lamba a bakin kowane kebul gaba da baya, sannan ka ɗau hoton kowane bango ranar da aka gama sa bututu, kafin masu filasta su iso.