Ɓauren gidana yana zubar da 'ya'ya tun kafin su nuna, ku taimaka min da shawara

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin shuka ku agaza min, wlh abun nan ya hana ni sukuni. Ina da itacen ɓaure a gida nan Rikkos cikin Jos, ba irin namu na daji ba, na Larabawa mai faffaɗan ganye da ake ce ma Tin. Surukata ce ta ba ni lokacin da muka tare, kuma kun san halin manya, duk zuwan da za ta yi kafin ta zauna sai ta zagaya baya ta duba shi, ranar nan har cewa ta yi wai ko hannuna ne ba shi da albarkar shuka, a gaban ƙannen maigida fa, ni kuwa ga yara ga ɗinkin da nake yi amma ban taɓa barin shi da ƙishi ba, ko da rijiyarmu ta ƙafe da bazara ruwan 'yan garuwa nake saya in zuba mai. Yanzu ya shiga shekara ta uku, ya wuce katanga, ganye kam masha Allah, amma 'ya'yan sai su fito su ɗan tasa su yi ɗorawa su zubo. Tun shigowar Agusta kuma ganyen ya yi ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa ta bayansa yana kakkaɓewa. Maigida ya ce sarewa zai yi. Ya zan yi?

Kawu na Bukuru:
Wa'alaikumus salam 'yata. Matsala biyu kika haɗa. Ta ganyen cutar tsatsa ce, marka ke kawo ta. Itacen nan asalinsa ƙasashen bakin Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya ne, inda lokacin nunarsa rana ce zalla babu ruwa, mu kuwa Jos ruwan shekara yana kai wajen milimita 1,400 kuma a Yuli da Agusta ya fi ƙarfi, ganye ya kwana a jiƙe ya wuni a jiƙe. Ki tsince duk wanda ya faɗi ki ƙona, kar ki bar shi a gindi, ki rage rassan tsakiya iska ta ratsa. Zubar 'ya'ya kuma na san dalili tun kafin ki faɗa. Wane taki kike sa mai?

Maman 'Yan Biyu:
Kawu kashin kajina nake zuba mai duk wata, sai ɗan yuriya da ya rage na masara.

Kawu na Bukuru:
Toh ai shi ke nan. Kashin kaji da yuriya ganye suke ciyarwa, itace ya yi ta tsawo ya manta da 'ya'ya. Ki daina duka biyun yau ɗin nan, ki riƙa barbaɗa tokar murhu kaɗan, kuma ruwa da damina na me? Ɓaure ba ya son saiwarsa ta zauna cikin laka.

Maman 'Yan Biyu:
Amma Kawu da wannan kashin kajin gwandata da ayabata suke yi, kuma ba su taɓa zubar da komai ba. Ruwan ma ba wani mai yawa ba ne, na wanke-wanke ne kawai ke gangarawa wajen.

Hajiya Rayfield:
Hmm ni dai masu sayar da dashe na bakin titi sun isheni. Wani ya sayar min da tuffa wai ɗan aure ne zai yi 'ya'ya da wuri, har yau ganye nake kallo, da na koma ma cewa ya yi ƙasar gidana ce ba kyau. A garin da ake noman sitiroberi a Vom ka ce min ƙasa ba kyau? Allah ya isa kawai.

Ɗalibar Noma:
Anty kafin a ɗora laifi kan taki, akwai tambayar da ba a yi ba. Reshe aka dasa ko ƙwaya aka shuka? Busasshen ɓauren da ake kawowa tsaraba yawanci na Turkiyya ne, su ne kan gaba a duniya wajen nomansa, kuma irin nasu ba ya riƙe 'ya'ya sai wani mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro ya shiga ciki da garin fure. Manoman Kalifoniya a Amurka sun sha wannan wahalar, itatuwansu na ta zubar da 'ya'ya har sai da aka kai musu ƙwaron a 1899. Ƙwarin da kike gani cikin ɓauren daji namu ba za su yi ma wannan aiki ba, kowane iri da nasa ƙwaron. In kuma daga ƙwaya ne ma yana iya fitowa namiji. Wanda ake so a gida shi ne mai yi da kansa ba sai da ƙwaro ba, irin wanda ake kira Brown Turkey, kuma ta reshe ake samunsa.

Kawu na Bukuru:
Wannan karatun aji ne 'yata. Ni a gidana na ga ɓaure ya nuna na ci, babu wani ƙwaro da na yi oda. Taki ne.

Ɗalibar Noma:
Kawu ai naka mai yi da kansa ne shi ya sa. Anty ki yanka ɗaya cikin waɗanda suka faɗo, in cikin a bushe yake fayau ba tsoka to maganata ce.

Maman 'Yan Biyu:
A gwangwanin madara dai Hajiya surukata ta kawo min shi yana ƙarami bayan ta dawo Umra. Ni ba zan iya zuwa in titsiye ta da tambayar ƙwaya ko reshe ba, cewa za ta yi na raina kyautarta. Kuma namiji ta yaya, abun da nake ganin 'ya'ya a jikinsa da idona?

Baban Abba:
Madam ni ba ma wannan ba, ina kika dasa shi? Saiwar dangin ɓaure bin danshi take yi. Cediyar maƙwabcina ta tsaga min sokawe, na kashe kuɗi na gyara, na yi magana ya ce itace ba ya jin Hausa, har gaban mai unguwa muka je kuma har yanzu tana nan. Maigidanki ya fi ki gaskiya.

Maman 'Yan Biyu:
Tsakanin katanga da bayan kicin yake, nan ne kaɗai awaki ba sa kaiwa. Kuma gidanmu ne ba haya ba.

Kawu na Bukuru:
Lungu kenan. Yana samun rana awa 6 zuwa 8 a nan? Ba ya samu. Ki bari sai hunturu ya zubar da ganye, wajen Disamba ko Janairu, ki datse shi ya dawo daidai ƙirji, ki yanki rassa masu kaurin yatsa tsawon taƙi ɗaya ki kafa a durom mai huji a ƙasa, ki ajiye tsakar gida. Ki sa safar hannu, farin ruwan jikinsa in ya taɓa fata rana ta buga yana ƙuna sosai, ki kau da 'yan biyu daga wajen.

Ɗalibar Noma:
In uwar mai buƙatar ƙwaro ce, reshenta ma haka zai yi Kawu. Gara ta nemo reshe daga itacen da aka ga ya nuna a Jos.

Ummu Sadiq:
A buga mai tsohuwar ƙusa a gindi, haka kakarmu ke yi ma mangwaro.

Maman 'Yan Biyu:
Datsewa kam ba zan iya ba gaskiya, Hajiya ta zo ta tarar da kututture me zan ce mata? Ni maganin feshi nake tambaya, irin mankozeb da masu dankali ke fesawa zai yi? Nawa ake sawa a bokiti? Maigida ya ba ni zuwa ƙarshen damina ne kawai.

Hajiya Rayfield:
Kawu tunda kana nan, ita ma tuffar tawa tokar zan sa mata?