Gem ɗin da na haɗa don dariya ya bazu, mi zan yi?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku taimaka mini da shawara, hankalina ba kwance yake ba. Yayana da zai tafi bautar ƙasa ya bar mini tsohuwar laftof ɗinsa, batirinta ya mutu, sai an kawo wuta ko in ɗauke ta zuwa shagon caji can Gawon Nama. A shagon wani yaro ya nuna mini Cat Mario, mai kama da Super Mario amma komai nasa mugunta ne: ka yi tsalle ka bugi bulon da ba a gani ka zurma rami, gajimare ma ka taɓa shi ka mutu. Munka yi dariya har da hawaye. Sai na sauke GDevelop, manhajar haɗa gem, na ce bari in yi namu na gida. Da gangan na munana zanen a Paint. Ɗan kabu-kabu ne ke tsallake kwata, jar akuya na tunkuyinsa, buhun albasa na faɗowa daga sama, in ya tsaya ƙarƙashin dogon yaro don ya huta sai inuwar ta gudu. Ogan ƙarshe dattijo ne mai tumbi, da rediyo a kafaɗa, yana jifa da silifa yana cewa "Kai yaro, ina canjina?" Abokaina kawai na tura wa, yanzu ya bazu ta Xender har makarantar su ƙanena. Sautin tsallen da koren bututun na Mario ne na ɗauko. Nintendo, kamfanin da ke da Mario, za su iya kama ni? Akwai kuma 'yar maganar gida, amma ba ita ce ba.

Injiniya: Saurara, na san harkar nan ciki da bai. Cat Mario ɗin sunansa na asali Syobon Action, wani ɗan Japan ya yi shi a 2007. A shekarar aka yi I Wanna Be the Guy, inda 'ya'yan itace ke faɗowa daga sama su kashe ka. Munin zanen da gangan ne, shi ne barkwancin. Nintendo kuwa ba su da wasa: a 2016 sun sa an sauke wasanni sama da 500 daga shafin ɗora wasanni na Game Jolt, sun kuma tsayar da AM2R, kwaikwayon wani gem ɗinsu da wani ɗan Ajantina ya kwashe shekaru yana haɗawa. Amma galibi takarda suke aika wa shafin da ka ɗora, a sauke, shi ke nan. Kai ina ka ɗora? Xender? Wa za su aika wa takarda? Cire bututun ka sa randa, ka naɗi sautin tsalle da bakinka, ka ɗora a shafin wasanni na itch.io kyauta.

Hajiyar Arkilla: Ashe irinku ne. Yarona ya cinye mini data yana buga wani abu mai akuya, tuwo ya huce a gabansa, jarrabawa kuma saura mako. Na ƙwace wayar, ubansa ya mayar masa. Ni ce kullum muguwa a gidan nan.

Na Runjin Sambo: Ku bar batun Japan. Ƙanena, wane ne dattijon mai rediyo?

Ɗan Mabera: Hajiya ki yi haƙuri. Yaya, kawuna ne, wan mahaifiyata, shi ke biya mini kuɗin makaranta. Amma ban sa sunansa ba. Dattijo nawa ke yawo da rediyo a Sakkwato? Muryar ma ba tasa ba ce, ni na kwaikwaya.

Na Runjin Sambo: Kuma ya gani?

Ɗan Mabera: Ɗansa ya nuna masa. Bai ce komai ba, amma ranar Juma'a na gaishe shi, sai ya ce "Ina canjina?" ya wuce.

Gwaggo: Subhanallahi. Ɗana, wasa da kaka ake yi, da taubashi. Da ɗan nasa ka zana, babu mai cewa uffan, abokin wasanka ne. Kawu kuwa uba ne. Tun kafin uwarka ta ji a bakin wani, ka same ta, ku tafi tare bayan magariba, ka durƙusa. Kada ka je kana bayanin zane.

Injiniya: Gwaggo, da girmanki, wanga ba hanya ba ce. In ya durƙusa ya amsa ke nan. Ya sake zana ogan ya zama raƙumi, ya fitar da kashi na biyu, tsohon zai ɓace da kansa. Kuma ku daina kashe wa yaro basira. Christian Whitehead da wasannin Sonic na sha'awa ya fara, Sega, kamfanin da ke da Sonic, sunka ɗauke shi, ya jagoranci Sonic Mania a 2017. Play Store ma dala 25 ce rajista, sau ɗaya.

Mai Shago: Ni da na koyi Scratch, manhajar koyon haɗa gem, na haɗa nawa, wuta ta ɗauke kafin in adana, aikin wata guda ya tafi. Ba wanda ya ce mini sannu. Kai naka ya yi farin jini kana kuka.

Na Runjin Sambo: Injiniya, Sega ce za ta biya masa kuɗin zango mai zuwa? Kuma abin da ke wayoyin yara ta ina za ka goge shi?

Injiniya: Ba a goge shi, ana binne shi da sabo. Haka harkar take, ku tambayi duk wanda ya sani.

Ɗan Mabera: Na gode duka. Gwaggo, in na gaya wa Inna za ta karɓe laftof ɗin, kuma ta yayana ce. Raƙumi kuma ba zai ba da dariya ba, mutane don dattijon suke bugawa. Ni ina ganin Kawu ma abin ya ba shi dariya, in ba haka ba don mi zai maimaita maganar?

Gwaggo: Ya turo kuɗin wannan watan?

Ɗan Mabera: Wata bai ƙare ba tukuna. Injiniya, randar in zana ta ja ko baƙa?

Hajiyar Arkilla: Kafin nan a gaya mini yadda ake wuce akuyar nan, yaron ya hana ni barci.