Kayan ɗakin ƙanwata: a sayar a haƙa mata rijiya, ko a ajiye wa 'yarta?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Ƙanwata ta rasu wurin haihuwar fari tana da shekara 22, aurenta ko shekara biyu bai cika ba. Ta bar 'ya mace, tana hannun Ummanmu. Da na buɗe ɗakinta na tarar da rigar jaririyar a kan keken ɗinki, ta haɗa hannu ɗaya, ɗayan ko yankewa ba ta gama ba. Yarinya ce da ba ta iya ganin yaro ba takalmi ta wuce, rabin kuɗin ɗinkinta a kan 'yan Islamiyyar layinsu yake ƙarewa. Yanzu mijin ya ce mu zo mu kwashe kaya, wa'adin haya ya kusa cika. Ni ina so a sayar a haƙa mata rijiya a ƙauyenmu, Umma kuma ta ce a ajiye wa yarinya. Iyayenmu duka suna raye. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, yaya kuka yi?

Hajiya Babba: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari. Ku dai kada ku yarda a raba yarinyar da kakarta, a Malikiyya in ba uwa, kaka ta wajen uwa ce gaba a riƙo.

Abu Sudais: 'Yar uwa, niyyarki kyakkyawa ce, amma kayan nan ba naki ba ne, ba na Umma kaɗai ba ne. Tana cikawa suka zama gado. Miji rubu'i (ɗaya cikin huɗu) tunda akwai haihuwa, 'ya rabi, uwa sudusi (ɗaya cikin shida), uba sudusi, duba Suratun Nisa'i aya ta 11 da ta 12. In aka haɗa sai ya haura, shi ya sa ake kasa shi 13 maimakon 12: yarinya 6, miji 3, iyaye bibbiyu. Manya suna iya ba da nasu a yi rijiya. Na jaririya kuwa ba mai ikon yin sadaka da shi.

Ummu Nana: "A ajiye wa yarinya." Ni ce yarinyar da aka ajiye wa. Mahaifiyata ta rasu ban ma san kamanninta ba, aka jibge kayanta a wani ɗaki a gidan kawu, aka sa kwaɗo. Da aurena ya tashi aka buɗe: gara ta cinye gado, ɓeraye sun yi gida a katifa, atamfofinta kana taɓawa suna yagewa. Sarƙar gwal ɗinta kuwa a wuyan matar babana na gan ta ranar wani suna, gwaggona ce ta matse ni a hannu ta ce in yi shiru. Abin da ya iso hannuna kwalla biyu da wata tasa mai lamba. Ba wanda ya rubuta komai, ba shaida, yau duk wanda na tambaya sai ya ce ai an daɗe. Har gobe ba na taka gidan kawun nan.

Hajiya Babba: Haba Ummu Nana, zumunci fa.

Ummu Nana: Hajiya, su suka fara yanke shi.

Injiniya: Burtsatse da sola da tanki, ki tanadi naira miliyan 3. Kayan ɗaki na hannu ba za su kai ba.

Ɗan Haɗeja: Wace miliyan 3? Mu dubu 450 muka kashe wa mahaifinmu, har da ƙawanya da murfi.

Injiniya: Taka rijiyar guga ce, a ƙasa mai yashi. Zo wajen Kano inda ake cin karo da dutse ka gani.

Baban Gida: Ku bar rijiya tukuna, dillaliya ce matsalar. Ko jiya kafinta ya buga ƙusar ƙarshe, za ta zagaya gadon ta taɓe baki ta ce tsohon yayi ne 😂

Maman Twins: Baban Gida, maganar rasuwa ake fa. Shi kuma Abu Sudais, malami ne ko a waya ya karanta? Rabon gado ba a nan ake yi ba, ku je wurin alƙali ko limaminku.

Abu Sudais: Aya na kawo, ba ra'ayina ba. Amma a je wa malami, ban hana ba.

Maman Ilham: Na gode muku. Masu tambayata ta bayan fage me ya same ta: jini ne ya ɓalle bayan ta sauka lafiya. Tsakar dare aka ce mu kawo leda biyu, nata irin mai wuyar samu ne, O negetif. Mijin yana kan babur yana zagaya gari ta cika.

Maman Twins: Wallahi haka aka yi wa maƙwabciyata. Duk awon da ta yi ba wanda ya ce a tanadi mai ba da jini, sai da abu ya ɓaci. Leda ɗaya dubu 25.

Ɗan Haɗeja: Mu dubu 12 muka biya, kuma sai da ƙanina ya ba da nasa a madadi.

Ummu Nana: Ka ba da jini kyauta, a sayar maka da shi. Wai kuɗin gwaji da leda.

Injiniya: Gwajin ai gaskiya ne, ko so kike a ƙara wa mutum ciwon hanta? Ku tambayi maza nawa a nan suka san rukunin jinin matansu.

Baban Gida: Ni nawa ma ban sani ba. A ina ake dubawa, kuma nawa ne?