Neman shawara: kan sarkin da na samu a akwatin Baba

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa, ku taimaka mini. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya zauna Zariya, aka mai da shi Kafanchan, daga can sai Nguru, kuma mutum ne da ko rasit ɗin kananzir ba ya yarwa. Da aka zo rabon gado yayyena suka ɗauki abin da suka ɗauka, ni aka bar mini akwatin ƙarfe cike da wasiƙu. Akwai kan sarki mai hoton Sarauniya Elizabeth, da na 'yancin kai na 1960, da na Saudiyya, da na Nijar. Ina so in fara tarawa sosai. Na ɓamɓare wasu na liƙa da gam a littafi, sauran na rasa yadda zan yi.

Malam Ɗanzariya: Gam? Hajiya, tsaya haka nan! Tun ina sakandare nake wannan harka. Kada ki ƙara cire ko ɗaya. Ambulan mai hatimin gidan waya, da sunan gari da kwanan wata, ya fi kan sarkin shi kaɗai daraja. Ki ware masu sule da tsohon kwabo, na kafin 1973 ne da aka koma naira. In kin ga mai rubutun Northern Nigeria, wannan tun kafin haɗewar 1914 ne, ki ɓoye shi.

Abban Sadik: Malam, ai ba duka ake bari a ambulan ba. Mu jiƙawa muke a ruwa mai ɗumi har ya saki da kansa, mu shanya a inuwa. Kuma da hantsaki ake ɗauka, ban da yatsa.

Malam Ɗanzariya: Na bayan nan da ke ko'ina ake jiƙawa, ba kayan gado ba.

Gwaggo Asabe: Allah sarki. Nawa na FESTAC 77, bikin al'adun nan na Legas, ina makarantar kwana aka kwashe aka ba mai ƙosai ta yi ƙunshi. Har yau ban huce ba.

Bash: Anti, sayar kawai ki huta, Turawa na saye da tsada.

Malam Ɗanzariya: Wace tsada? Ko Penny Black na 1840, kan sarki na farko a duniya, miliyoyi aka buga. Tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi.

Maman Ilham: Malam, gam ɗin fa ɗan kaɗan na sa, kuma littafin sabo ne. Ambulan ɗin ma gara ta ci rabinsu, damina ga ta tafe, so kuke in zuba ido? Bash, ban ce sayarwa zan yi ba.

Abban Sadik: To nemi kundi mai aljihun leda, ki ɗaga shi daga ƙasa.

Maman Ilham: A ina ake samunsa a Kano? Waɗanda na riga na liƙa kuma fa?

Gwaggo Asabe: Yayyenki sun san akwatin na da daraja kuwa?