Neman shawara: Nehemiya 11 ta tsaya mini a wuya

Salama 'yan'uwa. Matar fastonmu ta haihu, mataimakiyarta kuma ta tafi bikin ƙanwarta, shi ne aka ɗora mini nazarin zumuntar mata na ranar Laraba, ni da ban taɓa tsayawa gaban jama'a ba sai a waƙa. Na ce a'a, aka ce ai na yi boko. Karatu ya kai Nehemiya 11. Daga aya 25 zuwa ƙarshe sunayen ƙauyuka ne zalla: Dibon, Molada, Ziklag, Anatot, Nob, inda waɗanda suka dawo daga bauta a Babila suka zauna. Me zan faɗa wa mata a nan? Ko barci na kasa.

Dattijon ikilisiya: 'Yata, kama Anatot kawai. A Irmiya 32, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, Irmiya yana tsare, amma ya auna shekel 17 na azurfa ya sayi gona a Anatot, domin Ubangiji ya ce za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar. Sai ki buɗe Ezra 2:23: mutanen Anatot 128 sun dawo. Kowane suna a jerin nan alkawari ne ya cika. Kada ki ƙara komai.

Maman 'yan biyu: Baba, aya 1 fa? An jefa ƙuri'a, ɗaya cikin goma ya zauna Urushalima, tara suna garuruwansu. Yawancin jama'ar Allah 'yan ƙauye ne. Amma mu yau fasto sai sau ɗaya a wata yake leƙo mu, rufin majami'armu na yoyo tun bara, kuɗin baiko kuwa ba a taɓa mantawa da shi ba.

Wata 'yar'uwa: Ki tsallake zuwa sura 12, keɓewar garun Urushalima, da waƙoƙi. Wa zai sani?

Mai tambaya: Tsallakewa ba zai yiwu ba, za a gaya wa Mama matar fasto. Baba, na gode, amma minti 20 aka ba ni, kuma cikin matan akwai waɗanda rikici ya raba da ƙauyensu, har yau ba su koma ba. In na ce alkawari ya cika, da wane ido zan dube su?

Dattijon ikilisiya: Ai su ne ma suka fi bukatar Anatot. Irmiya da ya sayi gonar a Masar ya ƙare.

Mai tambaya: To Baba, wannan ɗin zan faɗa musu?