Neman kalma: me za mu kira "cold calling" da "objection" da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Wata uku ke nan ina juya wasu kalmomin Turanci guda biyu a raina, yau na kawo muku inda na tsaya.

Aikina shi ne horar da samari da 'yan mata masu tallata na'urar POS ga masu shaguna a Kano. Tun ƙarancin takardun naira da aka yi a farkon 2023 aikin ya buɗe, domin ɗan kasuwar da a da ba ya karɓar komai sai kuɗi a hannu, dole ta sa shi tambayar yadda ake tiransifa. Takardun horon da ake turo mana da Turanci suke, tunanin da ke cikinsu kuma na 'yan kasuwar Amurka ne. Su kuwa yaran nan da Hausa za su yi magana da Alhaji a Kantin Kwari, ko da Hajiya mai kayan masarufi a Singa. Sauran kalmomin duk sun ba ni haɗin kai, biyu ne suka ƙi.

Ta farko ita ce "cold calling". Ma'anarta ka ɗauki waya ka kira mutumin da bai san ka ba, bai neme ka ba, ka yi masa tallar hajarka. A Amurka abin ya ishi mutane har a 2003 gwamnati ta buɗe rajista ga waɗanda ba sa so a riƙa kiransu a gida. Mu ma nan a 2016 hukumar sadarwa ta NCC ta fitar da lambar 2442 don toshe saƙonnin tallar da mutum bai nema ba. Wato sana'a ce mai saurin jawo wa mai ita baƙin jini idan bai iya ba, shi ya sa sunan da za mu ba ta yake da muhimmanci.

Na farko da aka ba ni shawara shi ne "kiran sanyi", fassarar kalma da kalma, tunda "cold" sanyi ne. Na gwada shi a aji ɗaya, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wato da sanyin safiya za mu riƙa kira?" Gaskiyarta. Sanyi a wurinmu daɗi ne, ana cewa na ji sanyi a raina, ana yabon mutum da sanyin hali. Ba ya ɗauke da ma'anar rashin sabo ko kaɗan.

"Kiran ba-zata" ya fi kusa, amma zancen lokaci yake yi, bai taɓo dangantaka ba. Ƙaninka ma yana iya yi maka kiran ba-zata da tsakar dare. "Talla ta waya" ta yi faɗi, domin ta haɗa har da tsohon abokin cinikinka, kuma ta bar wanda ya taka da ƙafarsa zuwa shagon da ba a san shi ba. Wani abokina ya ce "kiran kan mai uwa da wabi", na ce ai wannan sunan aikin ne idan ya lalace. Wanda ya iya, sai ya zaɓi wanda zai kira, ya san me yake sayarwa, a wane layi yake.

Inda na tsaya shi ne "kiran baƙunta". Dalilina ɗaya ne: kowane Bahaushe ya san ladubban baƙo ba sai an koya masa ba. Baƙo yana sallama. Yana faɗin sunansa da inda ya fito. Ba ya zarcewa uwar ɗaka, ba ya daɗewa har a gaji da shi. Ranar da na faɗi wannan suna a aji, ban ƙara wahalar bayanin me ya sa ba a fara kira da farashi ba. Ga shi kuma ya zo da abokin tafiyarsa, domin kiran da ka yi ta hanyar wani, kamar ka ce "maƙwabcinka mai shadda ne ya ba ni lambarka", sai mu ce masa "kiran sanayya". Idan da ƙafa aka je, "tallar baƙunta".

Ta biyun ce ta fi cin raina, wato "objection", maganar da mai saye kan kawo idan bai yarda ya saya nan take ba. Bari in kawo muku wani kira da na saurara ina zaune kusa da yaron da ya yi shi.

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe. Daga kamfanin POS nake kira, ko zan sami minti biyu?"

"Samari, ai ina da POS."

"To Alhaji, namu ya fi nasu."

"Allah ya ba da sa'a."

Ƙit, ya kashe. Yaron ya juyo ya ce mini Alhaji ya ƙi. Na ce masa Alhaji bai ƙi ba sai da ka zagi zaɓinsa. Mutum ya gaya maka abin da yake da shi, kai kuma ka ce masa bai iya saye ba. Laifin kuma ba na yaron kaɗai ba ne. A takardar da na fara fassarawa "ƙin amincewa" na rubuta, irin Hausar labaran rediyo. Duk wanda ka koya wa cewa maganar Alhaji ƙi ce, ko dai ya karaya ya ajiye waya, ko ya shiga musu.

"Ƙorafi" bai yi ba, shi bayan ciniki yake zuwa, lokacin da kuɗi ya maƙale ko na'ura ta ƙi fitar da rasit. "Turjiya" kuwa ban yarda da ita ba sam, don jaki ake yi wa zancen turjiya, kuma maganinta sanda. Ba na so yarona ya kalli dattijon da ya girmi mahaifinsa da wannan ido.

A kasuwar Kurmi na gano bakin zaren. Ina tsaye wata mata tana taya tabarma, mai kaya ya ce "albarka". Ba ta tafi ba, ba ta yi fushi ba, ta ƙara ɗari biyu. Ya sake cewa albarka, ta ƙara, ya ce ya sallama. Ashe tun kaka da kakanni muna da a'ar da ba ta rufe ƙofa, kowa ya san gayyata ce zuwa ga ci gaba da ciniki. Amma albarka ta mai sayarwa ce. Abin da nake nema shi ne takwararta a bakin mai saye.

Kalmar ita ce "hanzari". Muna cewa wane ya kawo hanzari, muna cewa "wani hanzari ba gudu ba" idan za mu shigo da abin da ya kamata a duba kafin a wuce. Mai hanzari bai tashi daga zaman ba, dalili ya kawo. Na san wasu za su ce hanzari ai sauri ne, to haka ne, amma idan aka ce "Alhaji ya kawo hanzari" ba wanda zai ɗauka gudu ya yi.

Da na zauna da kalmar sai na ga hanzarin ma iri biyu ne, kuma Hausa ta riga ta raba su. Akwai uzuri, akwai ja.

Uzuri shi ne "mai shagon ba ya nan", "ina da mutane a gabana", "zan neme ka". Sau da yawa kunya ce da kara, mutum ba ya so ya gwale ka. Uzuri ba a musu da shi. Ka karɓa, ka nemi lokaci takamaimai: "To Alhaji, in kira bayan la'asar ko gobe da hantsi?" Idan sau biyu ko uku yana ba ka uzuri, ya gama ba ka amsa, ka yi godiya ka bar shi da mutuncinsa.

Ja kuwa shi ne inda cinikin yake. "Nawa kuke cira a dubu goma?" "Idan an cire wa mai saye kuɗi ni ban gani ba, wa zan kama?" "Yarana ne a shagon, ta yaya zan san abin da ya shiga?" Wanda ya ce yana da ja ya saurare ka ke nan, har ya fara lissafi. Irin wannan ba daɗin baki yake so ba, lissafi yake so da gaskiya, ko da gaskiyar ita ce cajinku bai fi na wancan sauƙi ba.

Saura aikatau, wato kalmar abin da mai talla zai yi wa hanzarin. Takardun Turancin suna son kalmomin kokawa, a rinjayi hanzari, a murƙushe shi. Ni "warware" na zaɓa, kamar yadda ake warware zare idan ya sarƙe, ba a fizgarsa. Saboda haka babin da ake kira "handling objections" ya zama "warware hanzarin mai saye".

Bayan sati biyu yaron nan ya sake kiran Alhajin. Da aka ce masa akwai POS, sai ya ce, "Masha Allah, Alhaji. Akwai ranar da take ba ku matsala?" Alhaji ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce ranar Juma'a da yamma, daidai lokacin da shago ya cika, takan tsaya cak. Suka yi minti shida suna magana. Bai saya ba a ranar, amma ya ce yaron ya zo shagon ranar Asabar da na'urar a hannu, ya gani da idonsa.